Ɗan Mai Haƙa Rijiya a Ƙasar da Take Girgiza

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai haƙa rijiya ne, kuma da wannan sana'a ya ciyar da mu a wani ƙauye da ke kusa da Zariya. Tun ina ƙarami nake tsayawa a bakin rami ina jan igiya, ina juye ƙasar da ya ciko a bokiti, har na haddace jerin abin da ke fitowa: baƙar ƙasar sama wadda ake noma a kanta, sai jar ƙasa, sai marmara mai cin bakin dagi, sai wani ruɓaɓɓen dutse mai danshi wanda galibi a cikinsa ake samun idon ruwa. Idan aka wuce wannan sai a tarar da dutse mai rai, wanda dagi ke tsalle a kansa yana fitar da tartsatsi. Mahaifina yakan gane ya kusa isa gare shi tun kafin ya gan shi, domin amon dagi yana sauyawa, daga mai dusashewa zuwa mai kaifi. Na taɓa tambayarsa abin da ke ƙarƙashin wannan dutse, sai ya ce mini shi aikinsa a nan yake ƙarewa, abin da ke ƙasa da nan kuwa Wanda Ya shimfiɗa ƙasar ne Ya san shi.

Wannan tambaya ce ta kai ni karatun ilimin duwatsu a jami'a a Zariya. A can na koyi cewa dutsen da ya tsayar da dagin mahaifina ɗan'uwan Dutsen Kufena ne, kuma yana cikin tsohon ginshiƙin da arewacin Najeriya ke zaune a kansa, wanda zafi da matsi suka yi wa gyaran ƙarshe kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. A can ne kuma na fahimci cewa ɗan Adam, duk da injunansa, bai wuce mahaifina da nisa sosai ba. Rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa shi ne na yankin Kola a arewacin Rasha, wanda ya kai mita 12,262 a shekarar 1989, inda zafin dutse ya kai digiri 180 har aikin ya gagara. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya kuwa kilomita 6,371 ne. Wato ramin da ya fi kowanne zurfi bai ci kashi ɗaya cikin ɗari biyar na tafiyar ba. Amma duk da haka littattafanmu suna zana cikin duniya daki-daki, da ɓawonta, da tsokarta, da zuciyarta, har da zurfin kowanne, kuma na matsu in san wanda ya gaya musu.

Amsar ita ce girgizar ƙasa. Mace idan ta je sayen randa a kasuwa takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne, kuma daga amon da ya fito take gane ko an gasa ta sosai, ko akwai tsaga a ɓoye a jikinta. Duniya ta fi ƙarfin yatsan mutum, sai dai ita da kanta takan buga kanta, masana kuma su saurara daga tashoshi a ko'ina. A lokacin girgizar ƙasa a wurina labarin rediyo ce kawai. Na ji ta Kwoi a kudancin Kaduna a 2016, na ji ta Mpape a Abuja a 2018, dukkansu ƙanana, sun firgita mutane sun tsaga wasu bangwaye. Da na samu tallafin yin digiri na biyu a Turkiyya, a wata jami'a a birnin Adana, na tafi ne da niyyar koyon wannan sauraro.

Abu na farko da aka koya mana shi ne karanta zanen da na'urar auna girgiza take yi. Idan dutse ya tsage a can ƙasa, igiyoyin motsi iri biyu suke ratsa jikin duniya. Ta farko, wadda ake yi wa alama da harafin P, tana matsa dutse tana sakinsa ta fuskar da ta nufa, kuma a cikin ɓawon ƙasa tana cin kimanin kilomita 6 a daƙiƙa guda. Ta biyu, mai harafin S, tana kaɗa dutse gefe da gefe, gudunta kimanin kilomita 3.5 a daƙiƙa, kuma tana da wata ɗabi'a wadda ilimin cikin duniya ya dogara da ita ƙwarai: ba ta ratsa ruwa ko wani narkakken abu. Tun da ɗaya ta fi ɗaya gudu, tazarar da ke tsakanin isowarsu tana nuna nisan wurin da abin ya faru. Ga girgizar da ba ta da nisa sosai, idan ka ninka daƙiƙoƙin tazarar sau takwas za ka samu kimanin nisan a kilomita, idan kuma tashoshi uku suka yi wannan lissafi sai a nuna wurin a taswira.

Tarihin wannan fanni ya kama zuciyata, domin tarihi ne na mutane masu haƙuri da suka zauna a gaban takardu suna ƙirga daƙiƙoƙi. A 1889 wata na'ura a Potsdam ta Jamus ta yi motsi ba tare da wani dalili na kusa ba, daga baya aka gane girgizar Japan ce ta ratso duniya ta iso. A 1906 Richard Oldham na Ingila ya lura cewa igiyoyin da suka bi ta tsakiyar duniya suna makara, ya ce lallai akwai wani abu dabam a can ciki. A 1909, bayan wata girgiza kusa da Zagreb, Andrija Mohorovicic ya ga tashoshi masu ɗan nisa suna karɓar igiyar P sau biyu, kuma wadda ta nutsa ƙasa ta dawo tana riga wadda ta bi ta sama isowa. Bayaninsa shi ne cewa akwai iyaka a ƙasa inda dutse ke sauyawa, gudun igiya ya tashi zuwa kusan kilomita 8 a daƙiƙa. Wannan iyaka ita ce ƙarshen ɓawon ƙasa, kuma har yau da sunansa ake kiranta. A ƙarƙashin teku kaurin ɓawon bai fi kimanin kilomita 7 ba, a ƙarƙashin nahiyoyi yakan kai 30 zuwa 50, a ƙarƙashin tsaunukan Tibet kuwa ya kai 70.

Bayansa Beno Gutenberg ya auna inda zuciyar duniya ta fara, ya samu kilomita 2,900, lissafin da har yau bai sauya da yawa ba. A 1926 Harold Jeffreys ya kawo hujjar cewa wannan zuciya narkakkiya ce, abin da ya dace da ɓacewar igiyar S a ɗaya gefen duniya. Wadda ta fi burge ni ita ce Inge Lehmann ta ƙasar Denmak. An san cewa akwai wani yanki, daga kimanin kilomita 11,500 zuwa 15,500 daga inda girgiza ta faru, wanda igiyar P ba ta isa kai tsaye, domin narkakkiyar zuciya tana karkatar da ita. Ita kuwa da ta duba zane-zanen girgizar New Zealand ta 1929, sai ta ga wasu raunanan alamu a wannan yanki inda bai kamata a ga komai ba. Ta ƙi ta watsar da su, kuma a 1936 ta bayyana cewa akwai wata zuciya a cikin zuciyar, wadda igiyoyi ke bugu a jikinta su dawo. Tana farawa a zurfin kimanin kilomita 5,150, kuma daga baya an tabbatar daskararren ƙarfe ce, duk da zafinta ya haura digiri 5,000, saboda nauyin da ke kanta ya hana ta narkewa. Narkakken ƙarfen da ke kewaye da ita yana ta juyawa, kuma juyawarsa ce take haifar da maganaɗisun duniya, wanda allurar kamfas ke bi idan matafiyi yana neman alƙibla.

Ina tsakiyar wannan karatu ne aka wayi garin Litinin, 6 ga Fabrairun 2023. Da ƙarfe 4:17 na asuba, ana ruwa ana sanyi mai tsanani, na farka da wani bugu daga ƙasan gado da karkarwar gilashin taga. Ban gama tashi ba sai ginin ya fara lilo, kabad ya buɗe, kwanuka suka zube, bango yana ƙara irin wadda ban taɓa ji ba. A cikin wannan firgici wani sashe na ƙwaƙwalwata ya gane abin da ke faruwa, cewa bugun farko P ce, wannan kuma S ce da igiyoyin doron ƙasa da ke biye da ita, kuma tsawon lokacin da abin ya ɗauka yana nufin tsagar da ta buɗe doguwa ce ƙwarai. Sanin hakan bai rage mini tsoro ba ko kaɗan, ƙara shi ma ya yi, domin na san cewa idan mu da muke nesa muna jin haka, to akwai garuruwan da ba su tsaya ba. Na durƙusa a gefen gado na rufe kaina, bakina yana kalmar shahada, har sai da lilon ya lafa bayan fiye da minti guda. Muka sauko kan titi, wasu ba takalmi, wasu da bargo a ka. Bayan kimanin minti goma sha ɗaya ƙasa ta sake motsawa da ƙarfin maki 6.7.

Ta farkon tana da ƙarfin maki 7.8, kuma ta faro ne kusa da Pazarcik a lardin Kahramanmaras, ba nisa da Gaziantep. Da ƙarfe 1:24 na rana, mutane suna tsakiyar tonon 'yan'uwansu, wata mai maki 7.5 ta auku kusa da Elbistan a kan wata tsagar dabam, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta raunana. A Adana wasu dogayen benaye sun zube, ɗaruruwan mutane sun rasu, amma abin da ya samu Adana kaɗan ne idan aka kwatanta da Antakya, da Kahramanmaras, da Adiyaman, da Nurdagi, da Islahiye. Larduna goma sha ɗaya abin ya shafa. Fiye da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya, wasu dubbai kuma a arewacin Siriya, inda yaƙi ya riga ya ɗaiɗaita jama'a. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifiyata ta same ni a waya bayan ta ji labari a rediyo. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, kuma ko a wannan rana ba ta kira ba. Cewa ta yi, “Kai, kana ina? Ka yi magana in ji muryarka.” Na ce, “Umma, ina lafiya, ina waje, ki yi mana addu'a.” Sai ta yi shiru, ina jin numfashinta. Daga baya, da hankalina ya dawo, na yi wani lissafi da har yau yake tsaya mini a rai. Tsakanin inda dutsen ya tsage da Zariya akwai kimanin kilomita 4,100. Igiyar P ta nutsa ɗaruruwan kilomita cikin tsokar duniya, ta lanƙwaso ta fito a ƙarƙashin ƙasarmu cikin minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi. Wato tun ina tsaye a titi ina rawar ɗari, girgizar da ta tashe ni ta riga ta wuce ta ƙarƙashin ɗakin da mahaifiyata take barci, ta ɗaga shi ta sauke da abin da jiki ba ya ji, sai na'ura.

Mu ɗalibai baƙi muka shiga cikin masu aikin sa-kai, muna loda ruwa da barguna da burodi a motoci, daga baya muka bi ayari zuwa lardin Hatay. Ba zan iya kwatanta Antakya yadda ya kamata ba. Unguwanni ne sukutum suka kwanta, benaye sun haɗe hawa a kan hawa, mutane suna zaune a gaban tarkace sun hura wuta, kowa yana jiran a fito masa da nasa, da rai ko babu. Masallacin Habibun Najjar, wanda mutanen garin ke dangantawa da mutumin nan da Suratu Yasin ta ce ya zo da gaggawa daga ƙarshen birni, ƙubbarsa ta rufta. A wannan gari ne ɗan ƙwallon Ghana Christian Atsu ya rasu, aka samu gawarsa ranar 18 ga wata.

Akwai abu guda da na gani a can wanda ya sauya yadda nake kallon karatuna. Lokaci zuwa lokaci masu ceto sukan ɗaga hannu, a kashe injuna, a tsayar da motoci, dubban mutane su yi tsit. Sai mutum guda ya sunkuya a kan tarkace ya yi kira da Turkanci, yana cewa, “Akwai mai jin muryata?” Wasu ƙungiyoyin suna da ƙananan na'urori da suke mannawa a jikin kankare, mutum ya sa abin ji a kunne, yana neman ƙwanƙwasar wani da ke ƙasa. Idan suka ji alama sai su matsar da na'urorin, su gwada inda amon ya fi ƙarfi, har su ƙaddara wurin da za a tona. Na tsaya ina kallo hawaye yana zubo mini, domin wannan shi ne ainihin abin da ake koya mana a aji, wato gane abin da ido ba ya gani ta hanyar motsin da ya ratso abu mai tauri. A aji muna neman zuciyar duniya, su kuma suna neman yaro a ƙarƙashin bene mai hawa shida.

Da abubuwa suka ɗan lafa, malaminmu ya ɗauke mu zuwa bin sawun tsagar a fili, kafin ruwa da garma su shafe ta. Girgizar farko ta buɗe tsagar Gabashin Anatoliya (Anatoliya ita ce ɓangaren Turkiyya da ke Asiya) a tsawon fiye da kilomita 300, kuma ana iya bin ta da ƙafa. Mun ga titin kwalta da aka yanke aka gusar da rabinsa, mun ga shinge da jerin itatuwan zaitun da suka karye suka ci gaba a wani wuri, mun ga layin dogo ya lanƙwashe. Duk inda ka tsaya ka dubi ɗaya gefen, za ka ga ya gusa hagu, a wurare da yawa da mita uku ko huɗu, a wasu wuraren fiye da haka. Na sa ƙafa ɗaya a kowane gefe na tsagar, kuma a karon farko na ji a jikina cewa zancen farantan ƙasa gaskiya ne. Ɓawon duniya da saman tsokarta a rarrabe suke zuwa manyan farantai masu tafiya a hankali. Farantin Larabawa yana turowa arewa da kimanin santimita biyu a shekara, yayin da Bahar Maliya ke ƙara buɗewa a bayansa, ƙasar Anatoliya kuma, da ta samu kanta a matse tsakaninsa da farantin Turai da Asiya, tana zamewa yamma ta bin manyan tsagogi biyu, ta arewa da ta gabas.

Lissafin da ya fi tayar mini da hankali mai sauƙi ne. Gefe biyu na tsagar Gabashin Anatoliya suna son wuce juna da kimanin santimita ɗaya a shekara, amma a saman ɓawo, inda dutse yake da sanyi da tauri, sun cije. Can a zurfin da ya wuce kilomita ashirin ko makamancin haka zafi ya sa dutse yana miƙewa a hankali ba tare da karyewa ba, don haka ƙasa tana tafiya, sama tana tsaye, dutse yana ta tanƙwaruwa. Santimita ɗaya a shekara, idan aka tara ta shekara 500, ta zama mita biyar. Masana tarihin girgiza suna ambaton wata babba da ta auku a yankin Maras, wato Kahramanmaras ta yau, a 1513, kuma gusawar da muka auna da tef a gonakin mutane ta yi kusa da abin da ya taru tun daga wancan zamani. Harry Reid ne ya fara bayyana wannan tsari bayan girgizar San Francisco ta 1906. Bashin ƙarni biyar ne ƙasa ta biya cikin minti ɗaya da wani abu.

Saboda haka ba na yarda idan aka ce abin ya zo ba zato. Antakya ta rushe a shekara ta 115, ta sake rushewa a 526, Halab ta rushe a 1138 da 1822. Imam Suyuɗi, wanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karanta littattafansa, ya tattara jerin girgizar ƙasa da aka sani har zuwa zamaninsa, kuma masanan yau suna amfani da irin waɗannan rubuce-rubuce wajen gane tsagar da ta daɗe ba ta motsa ba. A arewacin Turkiyya an ga yadda manyan girgizoji suka riƙa bin tsaga guda suna yin yamma, daga Erzincan a 1939 har zuwa Izmit a 1999, abin da ya sa ake fargabar sashen da ke ƙarƙashin tekun Marmara kusa da Santanbul. Ilimi yana iya nuna wurin, yana iya ƙiyasta girman, amma ba ya iya faɗin rana. Masu yaɗa cewa sun hango ranar daga jeruwar taurari sun ƙara wa mutanen da ke kwana a tanti azaba a kan azaba, kuma na ga iyalai suna kwana a mota cikin sanyi saboda saƙon da aka tura musu a waya. Abin da ake iya yi da gaske shi ne gargaɗin 'yan daƙiƙoƙi, kamar yadda ake yi a Japan da Mekziko, inda na'ura ke jin igiyar P ta aika saƙo kafin S mai ɓarna ta iso.

Girgizar ta kuma tona asirin ƙasar da ke dab da tafin ƙafa, wadda ita ce mahaifina ya sani. Antakya da filin Amik suna kan laka da yashin da kogi ya tara, kuma irin wannan ƙasa mai laushi tana ƙara girman igiya tana tsawaita kaɗawarta. A Golbasi ta lardin Adiyaman, yashi mai cike da ruwa ya saki ya zama taɓo, benaye suka nutse ko suka kishingiɗa ba tare da sun karye ba. A Iskenderun bakin teku ya sauka har ruwa ya shigo tituna. A gari guda za ka ga unguwar da ke kan dutse tana tsaye, ta kan laka ta kwanta. Sauran kuma aikin hannun mutum ne: kankare mai rugurgujewa a hannu, rodi marar isasshen ɗauri, ginshiƙan da aka cire a hawan ƙasa don a faɗaɗa shago. Turkiyya tana da dokokin gini masu kyau, amma an sha yi wa gine-ginen da suka saɓa musu afuwa, ta baya-bayan nan a 2018. Na yi imani da ƙaddara, na kuma yi imani cewa wanda ya rage rodi don ya ƙara riba zai amsa tambaya a kan rayukan da ke cikin ginin.

Komawa gaban kwamfuta ya yi mini wuya. Zanen ranar 6 ga Fabrairu yana nan a kowace tasha ta duniya, kuma ta fuskar ilimi taska ne, amma ni idan na dube shi fuskokin mutanen da ke zaune a gaban tarkace nake gani. Malaminmu, wanda shi ma ya rasa dangi a Hatay, bai yi mana doguwar nasiha ba. Ya ce mana dai waɗannan igiyoyi sun riga sun ratsa duniya ko mun karanta su ko ba mu karanta ba, kuma barinsu ba tare da an amfana da su ba ba zai dawo da kowa ba. Da wannan na koma aiki.

A wannan zangon ne na koyi yadda ake haɗa dubban girgizoji a fitar da hoton cikin duniya. Igiya tana sauri a dutse mai sanyi, tana jinkiri a mai zafi, don haka idan aka tara lokutan isowa daga kowace fuska ana iya zana inda sanyi yake da inda zafi yake. Da haka ake ganin tsofaffin farantan teku suna nutsewa cikin tsokar duniya. Tun a shekarun 1920 Kiyoo Wadati na Japan ya nuna cewa wasu girgizojin suna faruwa a zurfin ɗaruruwan kilomita, kuma an gano suna jeruwa a kan shimfiɗa mai gangara har zuwa kimanin kilomita 700, daga nan sai su ɗauke. Wannan gangara ita ce jikin farantin da ke nutsewa. Farantin Afirka, wanda Kano da Zinder da Zariya suke kansa, shi ma yana tafiya arewa a hankali, kuma bakinsa yana shiga ƙarƙashin tsibirin Kirit a Bahar Rum. A can ƙasan tsokar duniya kuma, dab da zuciya, akwai wasu manyan tuddai biyu inda igiyar S ke jinkiri, ɗaya a ƙarƙashin tekun Pasifik, ɗaya a ƙarƙashin Afirka, kuma har yanzu masana suna muhawara a kan abin da suka ƙunsa.

Yanzu na dawo gida, kuma aikina a kan ɓawon ƙasarmu yake. Muna nesa da bakin faranti, wannan rahama ce, amma ba ta nufin ƙasarmu ba ta motsi. Accra ta girgiza a 1939 har mutane suka rasu, arewa maso yammacin Gini ta girgiza a Disambar 1983 ta kashe ɗaruruwa, kuma akwai tsofaffin tsagogi a cikin ginshiƙin dutsenmu, kamar yadda Kwoi da Mpape suka tuna mana. Kwarin Binuwai kansa tabon lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suka rabu ne, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma aune-aune sun nuna ɓawon ƙasa ya fi siriri a ƙarƙashinsa. Akwai cibiya a Toro ta jihar Bauchi da ke kula da tashoshin auna girgiza, sai dai tashoshin sun yi kaɗan ga ƙasa mai wannan faɗi. Abin da ya fi damuna shi ne benayenmu da ke faɗuwa da kansu ba tare da ƙasa ta motsa ba, domin na ga abin da motsi na minti guda yake yi wa irinsu.

Hanyar da nake bi ba ta buƙatar girgiza ta faru a nan. Ana kafa na'ura a kan dutse mai rai, nesa da titi da injin niƙa, a haɗa ta da farantin hasken rana, a jira. Idan babbar girgiza ta auku a wuri mai nisan kilomita dubu uku zuwa dubu goma, igiyar P takan taso daga ƙasa kusan a miƙe, kuma idan ta ratsa iyakar Mohorovicic wani sashe nata yakan rikiɗa ya zama S, wadda ke isowa bayan daƙiƙa huɗu ko biyar. Daga wannan ɗan jinkiri ake lissafa kaurin ɓawon da ke ƙarƙashin tashar, kuma ana buƙatar girgizoji masu yawa daga fuskoki dabam-dabam kafin lissafin ya tsaya. Suna zuwa daga Iran, daga Girka, daga tsakiyar tekun Atlantika, daga Indonesiya. Duk wadda ta shigo, kafin in fara auna daƙiƙoƙinta nakan nemi sunan garin da ya fi kusa da ita in karanta labarin abin da ya samu mutanensa, in yi musu addu'a, sannan in rubuta kwanan wata da zurfi da nisa a littafin aiki.